Makamashin Nukiliya da Makamashi Mai Sabuntuwa: Bayani Kan Hanyoyin Samar da Wutar Lantarki

Gabatarwa

Kamar yadda kowa ya sani, ƙarancin wutar lantarki na daga cikin manyan matsalolin da ke ci wa al'ummarmu tuwo a ƙwarya, musamman mazauna karkara. Ƙiyasin Bankin Duniya ya nuna cewa fiye da mutum miliyan 80 a Nijeriya ba su da wutar lantarki, kuma akasarinsu a ƙauyuka suke. A duk lokacin da aka ɗauko wannan zance, akan ji wasu na cewa mafita ita ce ƙasa ta gina tashar nukiliya kamar manyan ƙasashen duniya, wasu kuma su ce hasken rana da ruwa da iska da Allah ya hore mana sun wadatar. Mun shirya wannan bayani ne domin jama'ar karkara, da hakimai da dagatai da masu unguwanni, da kansiloli da ma'aikatan ƙananan hukumomi su san yadda kowace hanya take aiki, da abin da take ci, da wadda za ta fi saurin kai wuta garuruwansu.

Kafin mu shiga bayani, yana da kyau a san ma'aunin. Da wat ake auna ƙarfin wuta. Wat 1,000 shi ne kilowat ɗaya, wanda zai iya kunna ƙwan lantarki 100 masu wat goma-goma. Kilowat 1,000 kuma shi ne megawat ɗaya.

Halin da ake ciki

Idan aka haɗa dukkan tashoshin da ke kan babban layin wuta na ƙasa, ƙarfinsu a rubuce ya kai kimanin megawat 13,000, amma abin da ke isa ga jama'a yawanci yakan tsaya ne tsakanin megawat 4,000 da 5,000. Kusan kashi uku cikin huɗu na wannan wuta daga iskar gas ake samar da ita, kuma yawancin tashoshin gas ɗin a kudancin ƙasa suke. Sauran kuwa daga madatsun ruwa take fitowa. Ma'ana, wutar da ake sha a Arewa tafiyayya ce, tana ratso ɗaruruwan kilomita a kan waya kafin ta iso. An ga illar hakan a watan Oktoba na 2024, lokacin da aka lalata layin da ya taso daga Shiroro zuwa Kaduna, sannan layin da ya biyo ta jihar Binuwai shi ma ya samu matsala. Jihohin Arewa da dama sun shafe fiye da mako guda cikin duhu, masu ƙanƙara da masu walda da masu injin niƙa suka yi zaman dirshan.

Mene ne makamashin nukiliya?

Tashar nukiliya tana aiki ne da wani ma'adini mai suna yuraniyom. A cikin wata babbar tukunya ta ƙarfe mai kauri, ana fasa ƙwayoyin zarra na wannan ma'adini, fashewar ta haifar da zafi mai tsanani. Zafin ya tafasa ruwa, tururin ya juya farfelar inji, injin kuma ya samar da wuta. Ke nan bambancinta da tashar gas ko ta kwal shi ne abin da ake dafa ruwan da shi. Ɗan ƙwallon yuraniyom da bai wuce kan ɗan yatsa ba yana ba da zafin da ya kai na kwal kusan tan guda, shi ya sa idan an ɗura wa tukunya makamashi takan yi shekara ɗaya da rabi zuwa biyu tana aiki dare da rana kafin a sake ɗura mata.

An fara ba jama'a wuta daga nukiliya a garin Obninsk na tsohuwar Tarayyar Sobiyet a 1954, Ingila ta biyo baya a 1956. A yau akwai tukwane fiye da 400 a ƙasashe kimanin 30, suna samar da kusan kashi 9 cikin 100 na wutar duniya. Faransa ce ta fi kowa dogaro da ita, domin kusan kashi biyu cikin uku na wutarta daga nan take fitowa. A nahiyar Afirka tasha ɗaya ce tak ke ba da wuta, wato ta Koeberg kusa da birnin Cape Town na Afirka ta Kudu, wadda ta fara aiki a 1984. Masar ta fara gina tata a El Daba'a a 2022.

Mutane da yawa da sun ji kalmar nukiliya sai bam ya faɗo musu a rai. Dattawanmu ba su manta da gwajin bam da Faransa ta yi a hamadar Aljeriya a 1960 ba, wanda ya sa Nijeriya ta yanke hulɗar jakadanci da ita a farkon 1961. To amma ya kamata a bambance. Yuraniyom ɗin da ake sa wa tashar wuta ana tace shi ne zuwa kashi 3 zuwa 5 cikin 100 kawai, na bam kuwa sai ya kai wajen kashi 90. Bugu da ƙari, Nijeriya ta sa hannu tun 1968 a kan yarjejeniyar hana yaɗuwar makaman nukiliya.

Amfanin nukiliya da matsalolinta

Babban amfanin tashar nukiliya shi ne ba ruwanta da rani ko damina, dare ko rana. Takan ba da wuta mai yawa ba yankewa, ba ta fitar da hayaƙin da ke ɗumama yanayi, ba ta cin fili mai yawa, kuma takan yi shekara 40 zuwa 60 tana aiki. Irin wutar da manyan masana'antu ke buƙata ke nan. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta fara gina tashar Baraka a 2012, tukunya ta farko ta fara ba da wuta a 2020, ta huɗu a 2024, kuma tashar mai megawat 5,600 tana ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na buƙatar ƙasar.

Matsala ta farko ita ce tsada. An ƙiyasta tashar Masar mai tukwane huɗu za ta ci kimanin dala miliyan dubu 30, kuma dala miliyan dubu 25 daga ciki bashi ne daga Rasha. Ta biyu ita ce tsawon lokaci. Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya ta ce ƙasar da ba ta taɓa mallakar tasha ba tana buƙatar shekara 10 zuwa 15 daga fara shiri zuwa kunna wuta. Ko ƙasashen da suka saba ma sukan sha jinkiri, domin Finland ta fara gina wata tukunya a 2005, ba ta fara cikakken aiki ba sai 2023.

Ta uku ita ce haɗari. Haɗarin nukiliya ba ya yawan aukuwa, amma idan ya auku, ɓarnarsa kan daɗe. A ranar 26 ga Afrilu, 1986, tukunyar Chernobyl ta ƙasar Yukren ta yi bindiga, aka kwashe mutanen da ke zaune a tazarar kilomita 30 daga wurin, kuma har yau ba a yarda a koma zama a yankin ba. A ranar 11 ga Maris, 2011, girgizar ƙasa da ambaliyar teku suka lalata tashar Fukushima ta Japan, aka tashi mutum fiye da 100,000 daga gidajensu da gonakinsu. Bayan wannan ne Jamus ta yanke shawarar rufe tashoshinta, ta kuma rufe uku na ƙarshe a watan Afrilu na 2023. Ta huɗu ita ce sharar da ke saura bayan an gama amfani da makamashin, wadda ke ci gaba da fitar da guba har dubban shekaru, kuma dole a adana ta ƙarƙashin tsaro mai tsanani.

Akwai kuma wata matsala da ta shafe mu kai tsaye. Ƙa'idar da masana ke bi ita ce kada tukunya ɗaya ta wuce kashi 10 cikin 100 na ƙarfin layin wutar ƙasa, domin idan ta tsaya ba zato kada ta ja layin duka ya faɗi. Manyan tukwanen zamani na ba da megawat 1,000 zuwa 1,200 kowace, wato kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da layinmu ke ɗauka. Har ila yau, ita kanta tashar tana buƙatar tsayayyar wuta daga waje domin sanyaya tukunya, kuma rashin wannan ne ya jawo bala'in Fukushima. Saboda haka gyaran layi ne ke gaba da gina tasha. Ana maganar ƙananan tukwane na zamani da ba su wuce megawat 300 ba, sai dai kaɗan ne daga cikinsu suka fara aiki, a Rasha da Sin.

Ina Nijeriya ta kwana a kan nukiliya?

An kafa Hukumar Makamashin Nukiliya ta Nijeriya da wata doka ta 1976, amma ba ta fara aiki sosai ba sai 2006. Akwai kuma hukumar da ke sa ido a kan harkar, wadda ta fara aiki a 2001. A 2004 aka ƙaddamar da wata ƙaramar tukunyar bincike mai kilowat 30 a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Ba ta ba da wutar lantarki, aikinta shi ne gwajin ƙasar noma da ma'adinai da horar da ɗalibai. An ware Geregu a jihar Kogi da Itu a jihar Akwa Ibom a matsayin wuraren da za a iya gina tasha, saboda suna kusa da manyan koguna, an kuma rattaba hannu a kan yarjejeniya da kamfanin Rosatom na Rasha a 2017. Amma ba a kai ga fara gini ba. Wajibi ne shugabannin ƙananan hukumomi su sani cewa Tsarin Mulkin 1999 ya sanya makamashin nukiliya cikin abubuwan da Gwamnatin Tarayya kaɗai ke da iko a kansu. Jiha ko ƙaramar hukuma ba ta da hurumi a ciki.

Maƙwabciyarmu Jamhuriyar Nijar ta ishe mu darasi. Tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit, an kuma shafe shekaru ana kai shi Turai, amma kimanin mutum ɗaya cikin biyar ne ke da wutar lantarki a ƙasar, kuma ta daɗe tana sayen mafi yawan wutarta daga Nijeriya. Mallakar ma'adini daban, mallakar tasha daban, domin tsakaninsu akwai tacewa da jari da ƙwararru da layin rarrabawa.

Mene ne makamashi mai sabuntuwa?

Shi ne makamashin da ake samu daga abin da ba ya ƙarewa, kamar ruwa mai gudu da hasken rana da iska. A 2023 wutar da aka samu ta waɗannan hanyoyi ta kai kashi 30 cikin 100 na wutar duniya, wato ninki uku na abin da nukiliya ta bayar.

Ruwa. Wannan ita ce hanyar da muka fi sabawa da ita. An kammala madatsar Kainji a 1968 mai megawat 760, sai ta Jebba a 1985 mai megawat 578, sai ta Shiroro a 1990 mai megawat 600, sai kuma ta Zungeru mai megawat 700 da aka kammala a 2023. Akwai ƙanana irin ta Dadin Kowa a jihar Gombe da ta Kashimbila a jihar Taraba, kowace mai megawat 40. Wutar ruwa tana da araha idan an gama gini, madatsa kuma tana taimaka wa noman rani da kamun kifi. Sai dai wutar takan ragu idan ruwa ya ja baya da bazara, kuma gina madatsa yakan tayar da garuruwa. Mutum fiye da 40,000 aka sauya wa matsuguni saboda Kainji, ruwa ya shanye tsohon garin Bussa. Mazauna ƙasan madatsu kuma sun san abin da ke faruwa da gonakinsu a duk shekarar da aka saki ruwa.

Hasken rana. Faifan sola yana mayar da haske ya koma wuta kai tsaye, babu inji mai juyawa, babu man fetur. Arewacin Nijeriya na daga cikin yankunan da suka fi samun rana a duniya, inda faifai masu ƙarfin kilowat ɗaya kan ba da wutar da ta kai ma'auni huɗu zuwa biyar na mita a yini. Tsakanin 2010 da 2020 farashin faifan ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 a kasuwar duniya. Masar, wadda ke gina tashar nukiliya, ita ce kuma ta kammala filin sola na Benban mai kimanin megawat 1,500 tun 2019. A nan gida an ƙaddamar da tashar sola mai megawat 7.1 a Jami'ar Bayero ta Kano a 2019, da wata mai megawat 10 a Kumbotso a 2023. Nijar ma ta buɗe mai megawat 30 a Gorou Banda kusa da Yamai a 2023.

Raunin sola shi ne da rana ta faɗi wuta ta tsaya, sai an tanadi batir, kuma batir ne ya fi komai tsada da saurin mutuwa. Faifai yakan yi shekara 25, batir na dalma kuwa shekara biyu zuwa biyar, na litiyom kimanin goma. Hazo da ƙurar hunturu suna rage wutar idan ba a goge faifan, haka ma gajimaren Agusta. Tsananin zafi shi ma yana rage ƙarfin faifai da kwanan batir.

Iska. Ana kafa dogayen turaku masu farfela, iska ta juya su. An kafa irin wannan tasha mai megawat 10 a Lambar Rimi ta jihar Katsina, sai dai aikin ya ɗauki fiye da shekara goma. Ba ko'ina iska ke da ƙarfin da ake buƙata ba, saboda haka sai an auna ta na tsawon shekara guda aƙalla kafin a zuba kuɗi.

Kwatanta hanyoyin biyu

Ta fuskar tsayuwar wuta nukiliya ce a gaba, domin megawat ɗaya nata yakan ba da wutar da ta kai ninki huɗu na megawat ɗaya na sola a shekara. Ta fuskar kuɗi da lokaci kuwa sola ce a gaba nesa ba kusa ba, tunda ana iya kafa ta cikin 'yan watanni, a kuma fara da kaɗan a riƙa ƙarawa. Ta fuskar hayaƙi dukkansu tsaf suke idan aka kwatanta da gas da kwal da janareto. Ta fuskar haɗari, lalacewar sola ba ta wuce asarar kaya ko gobara idan an yi haɗin waya marar kyau, sai kuma gubar dalma idan aka yar da tsohon batir inda yara da dabbobi ke kaiwa.

Abin da ya fi muhimmanci ga mutumin karkara shi ne hanyar da wuta za ta bi ta iso shi. Ko da an gina tashar nukiliya gobe, wutarta sai ta hau babban layi, ta sauka a tiransifoma, ta bi falwaya zuwa ƙauye. Garin da waya ba ta kai ba, ba zai amfana ba ko da nawa aka samar. Sola kuwa a inda ake buƙatarta ake kafa ta: a kan rijiyar burtsatse, a asibitin karkara domin firjin allurar rigakafi da ɗakin haihuwa, a fadama domin ban ruwa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, manoman rani da dama sun koma famfon sola saboda tsadar mai.

Abin da doka ta tanada

Gyaran Tsarin Mulki da Dokar Wutar Lantarki ta 2023 sun ba jihohi ikon samar da wuta da rarraba ta a cikin iyakokinsu. Haka nan hukumar da ke kula da harkar wutar lantarki ta ƙasa ta fitar da ƙa'idoji a 2016, ta sabunta su a 2023, a kan ƙaramin layin wuta na gari guda. A ƙarƙashinsu kamfani zai iya ƙulla yarjejeniya da al'umma, ya kafa faifai da batir, ya ja waya cikin gari, mutane su riƙa saye ta mita. Hukumar Samar da Wutar Lantarki a Karkara ta tarayya tana tallafa wa irin waɗannan ayyuka.

Shawarwari ga al'umma da shugabanni

1. A fara da ƙididdige buƙata: gidaje nawa, injin niƙa da na markaɗe nawa, masu walda da teloli nawa. Masu sana'a ne ke riƙe aikin, domin su ke shan wuta da rana su biya.

2. Kada a sa hannu a kan yarjejeniya sai an karanta wa jama'a ita da Hausa a bainar taro, an fayyace farashi, da awoyin wuta, da wanda zai yi gyara.

3. A rubuta yarjejeniyar filin da za a kafa kayan, da sanin dagaci da ƙaramar hukuma, domin kauce wa rikici daga baya.

4. A tanadi kuɗin sauya batir tun daga ranar farko. Fitilun kan titi da famfunan da suka mutu a garuruwa da yawa, galibinsu batir ne ko wata 'yar na'ura ta lalace, aka rasa mai saya.

5. A horar da matasan gari biyu ko uku su iya goge faifai da duba waya da ƙananan gyare-gyare, a kuma sa mai gadi, saboda satar batir da waya ta zama ruwan dare.

6. A nemi takardar garanti a kan kowane kaya, a guji na jabu. Masu iya magana sun ce araha ba ta ado.

7. A mayar da tsohon batir ga dillali, kada a fasa shi a gida.

Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa kowace hanya da muhallinta. Nukiliya aiki ne na Gwamnatin Tarayya, mai buƙatar jari mai yawa da ƙwararru da ingantaccen layi, kuma ko an fara yau sai an haura shekara goma kafin a ga wutarta. Tana iya yi wa manyan birane da masana'antu amfani nan gaba idan an cika sharuɗɗanta. Amma ga ƙauyen da ke buƙatar ruwan sha da hasken ɗakin haihuwa a bana, rana da ruwa su ne a hannu, kuma doka ta buɗe ƙofa. Saboda haka muna kira ga shugabannin ƙananan hukumomi da sarakuna iyayen ƙasa da ƙungiyoyin ci gaban gari da su tattara bayanan garuruwan da ba su da wuta, su miƙa ga hukumomin da abin ya shafa, sannan su tsaya tsayin daka wajen kula da kayan da aka riga aka kafa musu. Da sandar da ke hannu ake jifa, kuma kayan da aka kula da su ne ke daɗewa.